Yadda ake amfani da zaitun don lafiyar huhu, daga zaɓen kwalba zuwa kwanon abinci

Da hunturu ya kankama, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe Kano da Maraɗi da Maiduguri, sai tari ya cika gidaje, masu asma kuma su shiga kwanan zaune. Lokacin ne kasuwar man zaitun ke buɗewa a shagunan magungunan Musulunci. Wani ya sha da zuma, wani ya haɗa da habbatus sauda, wata kuma ta ɗiga wa jaririnta a hanci. Kowa da kyakkyawar niyya yake yi, kuma zaitun ya cancanci wannan martaba, tunda Allah ya rantse da shi a Suratut Tin, ya kira bishiyarsa mai albarka a Suratun Nur. Sai dai ba kowace kwalba ce ke ɗauke da sinadaran da ake nema ba, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin nan uku tana iya kwantar da yaro a asibiti. Ga yadda ake bi, mataki-mataki.

Mataki na farko: san abin da kake nema a cikin kwalbar

Mafi yawan man zaitun, kashi 55 zuwa 83 cikin ɗari, wani maiƙo ne mai suna olik, wanda man gyaɗa ma yana da shi da yawa. Ba shi ne ya bambanta zaitun ba. Abin da ya bambanta shi wasu sinadarai ne 'yan kaɗan masu ɗaci da yaji, waɗanda bishiyar ke yi don kare kanta daga ƙwari da cututtuka.

Na farko shi ne oliyuropin, wanda ya fi yawa a ganye da ɗanyen 'ya'ya. Shi ya sa ba a iya tsinko zaitun daga bishiya a jefa a baki, ɗacinsa ba ya haɗiyuwa. Idan ya narke yana haifar da na biyu, haidiroksitairosol, wanda ke kare ƙwayoyin jiki daga lahanin da hayaƙi da gurɓatacciyar iska ke jawowa. Na uku shi ne oliyokantal, mai kartar maƙogwaro. Wani masani ɗan Amurka, Gary Beauchamp, ya ɗanɗana sabon mai a tsibirin Sisili na Italiya, ya ji ya sa masa raɗaɗi a maƙogwaro irin wanda ya sani daga ruwan maganin ibuprofen. Da shi da abokan aikinsa suka bi diddigi, a 2005 suka wallafa cewa sinadarin yana toshe hanyoyin kumburi guda biyu da ibuprofen ke toshewa. Amma su da kansu sun ƙiyasta cewa giram 50 na man, kusan cokali huɗu na cin abinci, bai wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da babban mutum ke sha na ibuprofen don ciwo ba.

Me ya haɗa wannan da huhu? Asma da toshewar huhu da ke kama masu shan taba da matan da suka shekara a bakin murhu, dukansu kumburin hanyoyin iska ne da ya ƙi lafawa. A gwajin da aka yi wa ɓeraye da ƙwayoyin huhu a ɗakin bincike, oliyuropin da haidiroksitairosol sun rage wannan kumburi. A kan mutane kuwa, babbar shaida ta fito a 2022 daga masu bincike na jami'ar Harvard, waɗanda suka bi rayuwar ma'aikatan lafiya sama da 90,000 a Amurka tsawon shekara 28. Masu cin fiye da rabin cokali na man zaitun a kullum, wato sama da giram 7, haɗarin mutuwarsu ta cututtukan numfashi ya gaza na waɗanda ba sa ci da kashi 18 cikin ɗari. Wannan bibiya ce, ba gwajin magani ba, kuma masu cin man zaitun a can galibi sun fi kula da jikinsu ta wasu fuskokin. Babban gwajin da aka yi a Sifen da mutum 7,447 kan zuciya da jijiyoyin jini ya tsaya, ba huhu ba.

Don haka ka riƙe wannan tun kafin ka fita kasuwa: abinci za ka sayo mai taimakon jiki a hankali cikin shekaru. Ba ya buɗe ƙirjin da ya toshe cikin dare, ba ya kashe ƙwayar tarin fuka.

Mataki na biyu: karanta kwalbar kafin ka ciro kuɗi

Sinadaran nan suna nan ne a man da aka tatsa da injin kawai, ba wuta mai yawa, ba sinadarin wanki. A kwalaben da ke shigowa Najeriya za ka ga an rubuta Extra Virgin. A Nijar da Kamaru da Chadi, inda rubutun Faransanci ya fi yawa, Vierge Extra ne. Wanda alhazai ke kawowa daga Saudiyya ko ya zo daga Masar da Tunisiya, da Larabci za ka ga bikr mumtaz. Ƙa'idar Majalisar Zaitun ta Duniya da ke Madrid ita ce tsamin maiƙon irin wannan mai kada ya wuce kashi 0.8 cikin ɗari, kuma a Turai ba a rubuta cewa tatsar sanyi ce sai an yi ta ƙasa da ma'aunin zafi 27.

Idan ka ga Pure ko Light, ko Olive Oil kawai babu ƙari, yawancinsa tataccen mai ne da aka wanke a masana'anta aka cire masa wari da ɗaci, sannan aka ɗan surka da mai kyau. Ɗacin da aka cire kuwa shi ne abin da ka zo nema. Pomace shi ne na ƙarshe a daraja: daga tunkuzar da ta rage bayan tatsa ake fitar da shi da sinadari. Ana girki da su, ana shafawa, amma ba su ne na wannan aikin ba.

Sai kwanan wata. A Sifen da Italiya da Girka da Tunisiya da Turkiyya da Maroko ana girbi ne daga Oktoba zuwa Janairu. Idan kwalbar ta nuna shekarar girbi, ɗauki mafi sabo. Idan ranar ƙarewa kaɗai ta nuna, ɗauki wadda ta fi nisa. In an rubuta irin zaitun ɗin, Picual na Sifen da Koroneiki na Girka da Coratina na Italiya da Chetoui na Tunisiya sun shahara da yawan sinadaran.

Kwalbar ta kasance mai duhu ko gwangwani, murfinta a liƙe, da lambar NAFDAC idan a Najeriya kake. Dubi kuma inda mai shagon ya ajiye ta. Wadda aka jera a tebur a bakin masallaci ko tasha, rana na dukanta tun hantsi har la'asar, ko da asalinta mai kyau ne ta riga ta yi asarar abin da ke cikinta.

Man da aka ɗura a gorar ruwa ko wata roba marar suna, a bar shi ko nawa ne arharsa. A 1981 'yan talla a unguwannin talakawan Madrid da garuruwan kewaye sun riƙa sayar da wani mai a jarkokin roba marasa tambari da sunan man zaitun, alhali man masana'antu ne da aka gurɓata da sinadarin anilin. Mutum wajen 20,000 suka kamu, ɗaruruwa suka mutu, kuma huhu cutar ta fara kamawa, har likitoci suka ɗauka wata sabuwar nimoniya ce ta ɓulla. Arha ce ta ja mutanen. Mu ma mu lura: fari ya rage noman zaitun na Sifen da kusan rabi a kakar 2022 zuwa 2023, farashi ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, irin yanayin da masu algus ke jira ke nan. Idan aka yi maka tayin Extra Virgin a kuɗin da bai fi na man gyaɗa ba, ajiye ka wuce.

Mataki na uku: ɗanɗana shi

Wannan shi ne gwajin da ya fi amfani a gida, kuma ba ya cin minti biyar. Zuba cokali ɗaya a ƙaramin kofin shayi. Ɗora kofin a tafin hannu, ka rufe bakinsa da ɗaya hannun, ka ɗan jujjuya har ɗumin jikinka ya ratsa shi. Buɗe ka shinshina. Mai kyau yana ƙanshin ɗanyen abu, kamar ciyawar da aka yanka yanzu ko ganyen tumatir. Wanda ya lalace yana warin tsohuwar gyaɗa, wanda aka wanke a masana'anta kuma ba ya ƙanshin komai.

Sai ka kurɓi kaɗan kana zaune, ka bar shi ya zagaya baki, ka haɗiye. Za ka ji ɗaci a harshe. Bayan 'yan daƙiƙu wani yaji zai taso can ƙasan maƙogwaro, wani lokaci har ya sa ka tari sau ɗaya ko biyu. Mutane da yawa a nan suke cewa man ya lalace ko an haɗa shi da wani abu, su mayar wa mai shago, su karɓo wanda ke wucewa sumul. Sun mayar da mai kyau ke nan. Yajin nan oliyokantal ne, ɗacin kuma dangin oliyuropin. Mai asma da tari ke saurin tayar masa da ciwo ya dangwala da burodi maimakon kurɓa.

Launi ba ya nuna komai, akwai kore mai kyau akwai ruwan ɗorawa mai kyau. Haka gwajin firij da ke yawo a waya, wai idan ya daskare na gaske ne: wasu mayukan ma suna daskarewa, wani zaitun na gaske kuma ba ya yi.

Mataki na huɗu: adana shi

Haske da zafi da iska su ke cinye sinadaran. A garuruwanmu da zafin bazara ke haura 40, kantar da ke kusa da murhu ko saman taga ba wurinsa ba ne. Nemi lungu mafi sanyi da duhu a ɗaki, ƙasan kabad ko gefen randa. Rufe murfin da zarar ka zuba. Sayi ƙaramar kwalba wadda gidanka zai shanye cikin wata biyu zuwa uku, maimakon babbar da za ta shekara ana buɗewa. Idan an kawo maka tsarabar babban gwangwani, ka riƙa ɗiba a ƙaramar kwalba mai duhu. A tsakiyar bazara firij ya fi barin sa a zafi, zai yi gajimare ya yi kauri, amma yana komawa daidai in ya sha iska.

Mataki na biyar: ci shi a abinci, kullum, kaɗan

A nan abincinmu ya yi mana gata, domin muna da cimaka da yawa da ake zuba wa mai bayan an sauke. Uwargida, duk inda kike sa mai da yaji, nan ne wurin man zaitun: ɗanwake, garau-garau, dafaffen wake, dambun shinkafa ko na masara, gurasa. Kwaɗon zogale ko na rama ya fi kowanne dacewa. Ki dafa ganyen ki matse, ki zuba ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, sannan ki kawo cokali ɗaya na man ki yaryaɗa a kai daf da za a ci. Ɗacin man yana ɓacewa cikin ƙuli-ƙulin, yara ma ba sa ganewa, kuma maiƙon yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadaran ganyen da na tumatir. A miya kuwa, ki bari sai kin sauke tukunya.

Ana iya girki da shi, yana jure wuta matsakaiciya, amma zafi mai tsawo yana rage sinadaran. Da tsadarsa, asara ce a soya ƙosai da shi. Kuma ko wane irin mai ne, kada a bar shi a wuta har ya yi hayaƙi, domin hayaƙin mai kansa yana tayar da asma.

Nawa za a ci? Cokali ɗaya zuwa ɗaya da rabi na cin abinci a rana ya isa babban mutum. Dokar Tarayyar Turai ta 2012 ta yarda a rubuta a kwalba cewa man yana kare kitsen jini daga lalacewa, muddin giram 20 nasa na ɗauke da miligiram 5 na haidiroksitairosol da danginsa, kuma giram 20 ɗin shi ne kusan cokali ɗaya da rabi. Ya zama canji ne, ba ƙari ba: ka rage wani man ko bota, ka sa wannan a gurbinsa. Kowane cokali yana da kalori kusan 120, ƙiba kuma tana ƙara wa mai asma wahalar numfashi. Shan rabin kofi da sassafe kafin karin kumallo ba ya ƙara komai sai tashin zuciya da gudawa.

Wanda yake son haɗa shi da zuma ya haɗa, zuma tana lafar da tarin mura. Amma ba a ba yaron da bai shekara ɗaya ba zuma, jaririn da bai kai wata shida ba kuma nonon uwa kaɗai ne abincinsa.

'Ya'yan zaitun na gwangwani suna da nasu amfanin, sai dai an jiƙa su ne a ruwan gishiri don cire ɗaci. Ka tsiyaye ruwan, ka ɗauraye, mai hawan jini ya jiƙa su a ruwa na ɗan lokaci kuma ya tsaya a 'yan ƙwayoyi. Baƙaƙen nan masu santsi marasa ɗaci ko kaɗan, waɗanda ake yanka wa a kan salak, su suka fi ƙarancin sinadaran saboda yadda ake sarrafa su.

Ganyen kuma, wanda ya fi man yawan oliyuropin, ana shan sa kamar shayi: ƙaramin cokali ɗaya na busasshen ganye a kofin ruwan zafi, a rufe minti goma, a tace. A wani bincike da aka wallafa a 2019, an gwada ƙwayoyin da aka haɗa da sinadarin ganyen kan ɗalibai 'yan wasa 32 a ƙasar New Zealand. Bai hana su kamuwa da mura ba, amma kwanakin jinyarsu sun ragu. Ganyen yana iya sauke hawan jini da sukari, don haka mai shan maganin ɗayansu ya tambayi likitansa tukuna, mai ciki da mai shayarwa kuma su haƙura da shi.

Mataki na shida: kada man ya bi hanyar iska

Wannan matakin shi ya fi damuna, kuma ina roƙon iyaye mata da kakanni su tsaya a kansa. Man zaitun yana amfanar huhu ne idan ya bi ta ciki ya shiga jini. Idan ya shiga huhun kai tsaye, cuta ne.

Ruwa idan ya sarƙe mutum, nan take tari ke fito da shi. Mai kuwa santsi gare shi, yana silalewa ta maƙoshi ya gangara ba tare da ya tayar da tari sosai ba, ya je ya kwanta a ƙananan jakunkunan iska da ke ƙasan huhu. Jiki ba ya iya kwashe shi da sauri. Sai wurin ya kumbura, yaro ya kama tari da haki da zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, a yi ta ba shi maganin nimoniya ba sauƙi, domin ba ƙwayar cuta ce tushen abin ba. Likitocin yara a Abha, yankin Asir na Saudiyya, sun rubuta rahotanni kan yaran da suka kamu da irin wannan nimoniyar ta maiƙo saboda al'adar ɗiga musu man zaitun ko man shanu a hanci da ɗura musu a baki. Zaitun ɗinsu na gaske ne, hanyar ce ba daidai ba.

Saboda haka ba a ɗiga shi a hancin jariri ko babba. Ba a yi wa yaro ɗure da shi yana kuka yana fizge-fizge, ko a toshe masa hanci don ya haɗiye. Ba a zuba shi a bakin wanda ya suma, ko mai jijjiga, ko mai farfaɗiya a lokacin da ta tashi. Masu yin ruƙiya su kiyaye wannan sosai, domin wanda ya fita hayyacinsa ba ya iya kare maƙoshinsa. Tsoho mai shanyewar ɓarin jiki da ke yawan ƙwarewa a ba shi cikin abinci mai kauri yana zaune, ba a cokali yana kwance ba. Ba a zuba shi a na'urar turara maganin asma, ba a kuma ƙona ganyen a shaƙi hayaƙin. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa ya yi a ci man a kuma shafa shi, kuma a nan amfaninsa yake. Shafa shi a ƙirji da baya yana maganin bushewar fata a hunturu, ba laifi, sai dai ba ya ratsawa ya isa huhu.

Idan hanci ne ya bushe ko ya toshe, ruwan gishiri ake ɗigawa. Akwai shi a kemis, shi ya fi dacewa da jarirai. Babba zai iya haɗawa a gida: kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce, da ɗan ƙasa da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi sabo kullum.

Mataki na bakwai: rage abin da ke shiga ƙirjin, ka kuma riƙe maganinka

Cokalin mai ba zai rinjayi hayaƙin da ake shaƙa safe da yamma ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a gidaje yana kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara. A fitar da murhun itace fili ko a buɗe tagogin kicin, a yi amfani da busasshen itace, a sauke goyo kafin a tsuguna hura wuta. Kaskon gawayi ba ya kwana a rufaffen ɗaki, janareta ba ya zama a bakin taga. Gidan da ke da mai asma a sassauta turaren wuta da maganin sauro na kunnawa. Ranar da hazo ya yi kauri a sa takunkumi, a yayyafa ruwa kafin shara. Mai shan taba ko shisha kuwa, barinta ya fi duk man zaitun ɗin da ke yankin Andalus na Sifen amfani ga huhunsa.

Idan kuɗi bai isa duka biyu ba, abin shaƙa na asma ake fara saya, man ya jira. Kada a ajiye maganin da likita ya rubuta don an fara cin zaitun. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta daren da tari ya tashe ka da ranar da ka nemi abin shaƙa na gaggawa. In ya wuce sau biyu a mako, asmar ba ta kwanta ba, ka koma asibiti a duba maganin.

Tarin da ya kai mako biyu, musamman da zufar dare ko rama ko jini a kaki, gwajin tarin fuka yake buƙata. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya, maganin kuma wata shida ake sha ba tsallake. Ga yaro, ɗaga rigarsa lokacin da yake kwance shiru ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50 ko fiye ya yi yawa. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. Idan ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya kasa kama nono, ko leɓensa ya canza launi, a tafi asibiti a wannan sa'ar, kuma idan an taɓa ɗiga masa mai a hanci ko an yi masa ɗure, a faɗa wa likita tun kafin ya tambaya.